Azumin da Nonona Ya Ƙafe

Shekara uku ke nan ko huɗu azuminmu na kwana arba'in yana haɗuwa da na maƙwabtanmu Musulmi. Bana da muka fito daga coci ranar Larabar Toka, na tarar masu tebur a bakin titi sun riga sun jera dabino da kankana. Kafin in sami keke, gumi ya jiƙa tokar da Fada ya shafa mini a goshi, ta gangaro har karan hancina. An ce sai bayan shekara talatin da 'yan kai azumin biyu suke sake haɗuwa haka. Gaskiya ne, domin wancan karon ina da goyo, yanzu kuwa furfura ta gama da kaina.

A unguwar Bolori ta Maiduguri muke a lokacin, gidan haya mai ɗaki shida, rufin kwano, babu silin. Unguwar ba ta cika kamar yanzu ba, ka ɗan wuce layinmu sai fili da yashi da awaki. Mai gidan wata tsohuwa ce Kanuri, Ya Falmata. Mijinta ya rasu, ta riƙe ɗaki biyu, ta ba da sauran haya. Mu kaɗai ne Kirista a gidan. Hausarta ba ta raba mace da namiji, da ni da mijina duk "kai" take ce mana. Mu ma tamu Hausar da Margi a bakinta, haka dai muke fahimtar juna.

Mijina Bitrus magini ne. Aiki ya yi wuya a gari shekarar, sai wani ɗan kwangila ya kwashe su zuwa Baga, mako biyu kafin azumi. Ya bar mini rabin buhun dawa, da 'yarmu Tereza mai shekara biyar, da Luka ɗan wata huɗu. Babu waya. In kana da saƙo sai ka je tasha ka roƙi direban motar kifi, ya kai ko ya manta.

Zafin shekarar ya shigo da wuri. Tun da hantsi kwanon rufi yake fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Da azahar iskar da ke kaɗawa sai ka ce daga bakin tanda take fitowa. Ruwan randa ma ɗumi ne. Yau kowane layi da rijiyar burtsatse, yara suna yawo da ruwan leda mai sanyi. Mu famfo ɗaya ne a unguwa, yakan zo sau ɗaya a kwana uku, da sassafe, yana ɗiga kamar mai jin kunya. Ranar da bai zo ba sai mu tare masu moya, masu turo ruwa a kura, su ma sai sun ga dama. Bokiti ɗaya zai yi wankan yara, a wanke tsummoki da ruwan, a yayyafa sauran a ƙasan ɗaki don ya huce.

Da safe mu matan gidan mukan haɗu a gindin dogon yaron tsakar gida. Su suna surfen geron kunun buɗe baki, ni ina wanke wake, domin ƙosai nake soyawa a ƙofar gida daga la'asar zuwa magariba. In na gama nawa in kama musu taɓarya, su kuma su ɗauki Luka. Tereza tana tsakaninmu, bakinta ba ya hutawa. Ranar Larabar Toka ta ƙi a wanke mata goshi har kwana biyu, tana nuna wa Ya Falmata, tana cewa ita ma tana azumi, alhali da ƙosai a hannunta.

A mako na biyu na azumi ƙyanda ta shigo layinmu. Tereza ta fara da zazzaɓi da jan ido, sai tari, sai ƙuraje suka feso mata tun daga bayan kunne har tafin ƙafa. Na goya Luka, na saɓa ta a kafaɗa, muka tafi asibiti. Ban taɓa ganin yara masu yawa haka ba. Ɗakuna sun cika, wasu suna kwance a tabarma a gindin bishiyoyi, an rataye musu ledar ƙarin ruwa a reshe. Wata nas da idonta ya faɗa don gajiya ta yi mata allura, ta rubuta magani, ta ce babu gado.

"Ki kai ta gida, ki yi ta ba ta ruwa. Jaririn kuma ki raba shi da ita."

Ɗaki ɗaya gare ni, ina zan raba su? Ya Falmata ce ta miƙo hannu ta karɓi Luka. Daga ranar a ɗakinta yake wuni, sai in zai sha ta kawo mini shi bakin ƙofa.

Ranar Juma'a na roƙi wata maƙwabciya ta zauna da Tereza, na ruga coci addu'ar Hanyar Gicciye. Ban ji rabin abin da aka karanta ba. Abu ɗaya ke yawo a kaina, wani wuri da aka taɓa karanta mana a taron matan zumunta, inda almajiran Yesu suka kasa warkar da wani yaro, aka ce musu irin wannan sai da addu'a da azumi. Na riƙe kalmar nan kamar wanda ruwa ya ci ya kama reshe. Da aka watse na durƙusa gaban gicciye na yi alkawari: daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana ba ci ba sha, da yamma kofi ɗaya na ruwa da loma uku na tuwo, har ranar da Tereza za ta tashi da ƙafarta.

Ikilisiya ba ta ɗora mini wannan ba. Abin da aka ce mana shi ne azumi ranar Toka da ranar Juma'a Mai Kyau, da barin nama kowace Juma'a, mai ciki da mai shayarwa kuma an ɗauke musu. Na sani sarai. Amma a ganina wannan na masu lafiya ne. Ni abin da nake roƙo babba ne, dole in kawo babban abu.

Kwana uku na farko ban ji komai ba sai ƙarfi. Ina jiƙa zane in lulluɓe Tereza, kafin in gama carbi ɗaya ya bushe, in sake jiƙawa. Ina ɗura mata ruwa da cokali, ina goge mata ido da ruwan ɗumi, domin kwantsa takan manne su. La'asar na yi in hura wuta a ƙofar gida, tunda ƙosan nan shi ne maganinta, shi ne ruwanmu. Ka tsaya kan kaskon mai a zafin Maiduguri ba ka sha ruwa ba tun asuba, sai ka ga titi yana rawa. Harshena ya zama kamar ɓawon itace. Masu azumi suna layi suna ce mini, "Sannu Maman Tereza, ke dai kin huta, kina shan ruwanki." In yi murmushi kawai.

Wata rana da azahar ina ba Tereza ruwa, ta buɗe ido da ƙyar ta dube ni. Ta tura kofin wajena.

"Mama, bakinki ya tsage. Sha."

"Na sha ɗazu," na ce mata.

Ƙarya na yi wa yarinyar, da carbi a wuyana.

Ƙurajen suka bushe, amma tarin ya sauka ƙirji. Numfashinta ya koma gajere, haƙarƙarinta yana shiga yana fita. Na sake kai ta asibiti, aka sake allura, aka sake cewa babu gado. Na ce a raina azumin ne bai kai ba, sai na rage loma uku zuwa ɗaya.

A kwana na shida nonona ya fara raguwa. A na takwas Luka ya kama, ya ja, ya ja, ya saki ya tsala ihu. Na juya shi ɗaya gefen, haka. Kukansa babu hawaye. Tsumman da aka ɗaura masa tun safe har yamma a bushe yake.

Ya Falmata ta tsaya a kaina, ta kama hannuna ta ɗora a tsakiyar kansa. Maɗigarsa ta loɓa, yatsana ya shiga kamar a cikin ƙullu.

"Kai, Monika, ka ji? Me kake yi wa kanka? Kwana nawa ban ga ka sha ruwa ba?"

Na gaya mata alkawarin da na yi.

"Mu ma mai shayarwa an ɗauke masa," ta ce. "Wane ne ya ce ka kashe wannan don ka ta da wancan?"

"Ya, naku daban, namu daban."

Ta ɗauki Luka ta koma ɗakinta. Kwana biyu tana ba Luka ruwa da madarar akuya a cokali, tana kallona, ina kawar da kai. A rana ta uku da tsakar rana, da azumi a bakinta, ta naɗa lafayarta ta fita. Matar da ba ta taɓa taka harabar coci ba, ashe can ta nufa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana sallama har aka kira mata katikis, malamin da ke taimaka wa Fada.

Baba Andarawus katikis ɗinmu tsoho ne, ya yi aikin jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya. Ya zo a kan kekensa, rigarsa sharkaf. Ya shiga ya ɗora wa Tereza hannu ya yi addu'a, sannan ya fito ya zauna a turmi, ya ce in zauna.

"'Yata, me aka karanta mana Lahadin farko na azumin nan?"

"Yesu a jeji, Baba. Kwana arba'in bai ci ba."

"Shi kika ji. To bayan nan fa? Ina Shaiɗan ya kai shi?"

"Kan Haikali."

"Ya ce masa me?"

"Ya ce ya faɗo, mala'iku za su tare shi."

"Da me ya rinjaye shi, da zagi?"

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Da Nassi ya zo masa, Monika. Aya ya jawo masa, mai kyau kuwa. Ubangiji ya ce a'a, ba a gwada Allah. Ke yanzu kin hau can ƙololuwa, kina shirin faɗowa don ki ga ko zai tare. Kuma ba ke kaɗai ba ce, da yaro a bayanki."

Na fashe da kuka, amma idona babu ruwa. Na ce, "Baba, in na sha ta mutu fa?"

Ya ce, "Ban san abin da zai sami Tereza ba. In na ce na sani na yi miki ƙarya. Amma na san abin da zai sami wannan in ba ki sha ba."

Ya Falmata ta riga ta ɗebo ruwa a kwanon sha. Ita da ba za ta sha ba sai magariba, ita ta riƙe mini kwanon a baki. Na sha. Ranar Talata ce, kwana na goma sha ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi Tereza ta cika, a cinyata, ina jiƙa mata zane.

Saboda zafi ba a jira ba. Mazan coci suka zo, mazan layinmu Musulmi suka kama musu haƙa, domin ƙasar ta yi tauri kamar dutse. Kafin la'asar an gama. Matan zumunta suka cika tsakar gida suna waƙa a hankali. Da Baba Andarawus ya zo yi mini gaisuwa, na juya masa baya. Na ce, "Kwana biyu kacal. Da kun bar ni." Tsohon ya tsaya, ya tsaya, ya ɗauki kekensa ya tura shi da hannu har ya fita layi.

Daga nan ban ƙara ci ba. Ba azumi ba ne wannan karon, abincin ne ya ƙi shiga. Duk lomar da na kai baki sai in ji kamar da ran 'yata na saye ta. Luka kuma madarar akuya ta ɓata masa ciki, ya kama gudawa. Fatar cinyarsa ta yi laushi tana lilo, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa.

Bitrus ya iso bayan kwana huɗu, saƙon ya same shi a makare. Ya shigo da ƙurar hanya a gashin ido, ya dubi tabarmar da babu kowa, ya dubi Luka, ya dube ni. Ya je makabarta shi kaɗai. Da ya dawo na faɗa masa komai, ina jira ya zage ni ko ya mare ni, da zan fi samun sauƙi. Sai ya ce, "Ranar Asabar za ki je ikirari. Ni zan raka ki."

Sallah ta zo a makon, aka yi ta shigo mana da abinci, ban ma san an yi ba.

Ranar Asabar na durƙusa a wurin ikirari, inda muke faɗin zunubanmu gaban Fada. Fadanmu wani tsohon Bature ne da ya daɗe a ƙasar nan, Hausarsa ta fi tawa. Na ce na yi wa Allah alkawari na karya, 'yata ta mutu saboda haka.

Ya tambaye ni komai dalla-dalla, har kwana nawa, har loma nawa. Sannan ya ce, "Kin san labarin Sarki Dawuda da jaririnsa da ya yi ciwo?"

"Kaɗan, Fada."

"Ya kwanta a ƙasa, ya ƙi ci, kwana bakwai. Fadawansa sun yi sun yi, ya ƙi tashi. Shi bai karya nasa ba ko sau ɗaya. Yaron ya rayu?"

"A'a."

"To. Ba ruwan da kika sha ba ne, 'yata. Allah ba ɗan kasuwa ba ne, ba ya sayar da ran yaro a kan kofin ruwa. Ban san dalilin da ya sa ya karɓi Tereza ba, kuma ba zan ƙirƙiro miki dalili ba. Amma kin san abin da Dawuda ya yi da aka gaya masa? Ya tashi, ya yi wanka, ya shiga ya yi sujada, ya dawo gida ya ce a kawo abinci. Mutanensa ma sun yi mamaki. Ya ce musu shi ne zai je wurin yaron wata rana, yaron ba zai dawo wurinsa ba."

Na kifa kaina a katako.

"Ga aikin tubanki. Daga yau har Ista za ki ci sau uku a rana, ki sha ruwa duk lokacin da yaron ya kama nono. Kafin kowane ci ki yi alamar gicciye, ki ambaci sunan Tereza, ki ce na gode."

"Fada, ba ni wani. Ba ni carbi ɗari."

"Wannan na ba ki."

"Har ranar Juma'a Mai Kyau?"

"Musamman ranar."

Na yi azumi iri-iri a rayuwata, ban taɓa yin mai wuyar wannan ba. Ƙin ci yana da daɗinsa, kana ji kamar kana yin wani abu. Amma ka zauna gaban tuwon dawa da miyar kuka, ka kira sunan 'yarka da ke ƙarƙashin ƙasa, ka ce na gode, sannan ka haɗiye, wannan sai wanda ya yi. Ranar farko na yi amai. Bitrus ya share, ya sake zubo wani. Ya ce, "Ni zan riƙe azumin gidan nan, ke ki riƙe yaron." Haka kuwa ya yi, yana fita neman aikin gini da bakinsa a bushe, ya dawo ya zauna yana kallona har in gama.

Ya Falmata ta ɗauki azumin shida na bayan Sallah, duk da haka kullum da safe sai ta dama mini kunun kanwa, irin na masu jego. Ba ta iya ɗanɗanawa, sai ta miƙo ludayi ta ce, "Ji mini, ya yi?" Wayo ne, don in fara sha. Ta ce in riƙa sa Luka a nono ko babu komai, sau goma, sau ashirin. Yana ja ina jin zafi har cikin ƙashin bayana, abin da ke fitowa bai wuce ɗigo biyu ba. Nas ta koya mana ruwan gishiri da sukari, shi muke bi da shi a cokali tsakanin ja da ja.

Lahadin Ganyen Dabino ta wuce, babu. Litinin hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mata suka fito da bokitai da kwanoni. Iska ta taso ta cika mana ido da yashi, ta watse, ko ɗigo. Ranar Laraba Luka ya daina kuka gaba ɗaya, sai dai ya buɗe baki. Na ce wa Bitrus, "In wannan ma ya tafi, ka mayar da ni ƙauye ka bar ni can." Sai ya tura mini kwanon tuwo.

Ranar Juma'a Mai Kyau duk Katolika na gari suna azumi, har yara masu wayo. Ni da tsakar rana na zauna na yi alamar gicciye, na kira sunanta, na ce na gode, na cinye tuwona tas, kunya kamar ta kashe ni. Ƙarfe uku muka tafi coci. Mutane sun cika maƙil, fanka ba ta aiki, ana ta fifita da takardar waƙa. Aka karanta wahalar Ubangiji tun daga lambu har kabari. Aka fito da gicciye, muka shiga layi, kowa ya durƙusa ya sumbace shi.

Saura mutum biyar a gabana na ji wani abu yana tsattsarga mini a ƙirji, kamar tururuwa suna tafiya a ƙarƙashin fata. Na zaci gumi ne. Na duba, gaban rigata ya jiƙe, wuri biyu.

Ban kai ga gicciyen ba. Na fita daga layi ina ture mutane, na zauna a dakalin waje, na kwanto Luka. Ya kama a hankali kamar wanda ya gaji da a yaudare shi. Ya ja sau ɗaya, ya tsaya. Ya sake ja. Sai na ji ƙwat, ƙwat, a maƙogwaronsa. Yatsunsa da suka kwana biyu a sake suka damƙe bakin rigata.

Baba Andarawus ne ya fara fitowa, ya ga na bar layi ya zaci faɗuwa zan yi. Rabona da yi masa magana tun ranar jana'iza. Ya tsaya daga nesa, ya kasa matsowa.

"Baba," na ce, "zo ka ji."

Ya matso, ya sunkuya da kunnensa mai nauyi, ya saurara. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, hawaye ya cika masa gemu. Ya juya ya shiga ɗakin ajiyar coci, ya fito da kofin roba cike da ruwa, ya miƙo mini da hannu biyu.

A ciki ana ta waƙar makoki. Na yi alamar gicciye, na ce, "Tereza, na gode," na shanye.